Shinkafar ɓera da dabbobin da ba su aka nufa ba: kundin aikin Kalifoniya

Wannan kundi yana bin aikin da ƙungiyoyin unguwa, likitocin dabbobi da masu binciken namun daji suke yi a jihar Kalifoniya ta Amurka don taƙaita gubar ɓera mai hana jini daskarewa. Babu wanda yake cikin aikin da ke cewa a ƙyale ɓera ya sha iska a gida ko a sito. Maganar ita ce da me za a kashe shi, kuma wa zai mutu a bayansa. Ana ƙara bayani duk lokacin da aka ɗauki wani mataki.

Afrilu 2014

Hukumar gandun daji ta ƙasa ta fitar da hoton P-22, zakin tsaunin nan da ke zaune shi kaɗai a dajin Griffith, cikin birnin Los Anjeles, tun 2012. An kama shi a watan Maris don a duba na'urar bin sawu da ke wuyansa, sai aka tarar ya rame, fuska duk ɓawon ƙazuwa. Gwajin jini ya nuna guba iri biyu, difasinon da kulorofasinon. An sa masa maganin ƙazuwa, aka yi masa allurar bitamin K, aka sake shi.

Zaki ba ya buɗe akwatin guba ya ci. Ta cikin abincinsa take riskarsa, kuma dole a fahimci yadda abin yake tafiya, don duk gardamar da za ta biyo baya a kan wannan take.

Hanta ce ke haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni, huɗu daga cikinsu kuma ba sa haɗuwa sai da bitamin K. Jiki ba ya zubar da bitamin K bayan ya yi amfani da shi, sake sarrafa shi yake yi ya maimaita. Wannan sarrafawar ce gubar take toshewa. Sinadaran da ke yawo a jini tun kafin a ci gubar ba sa ƙarewa nan take, shi ya sa ɓera zai ci yau, amma ba za a ga komai a jikinsa ba sai bayan kwana uku zuwa biyar, wani lokaci har mako. Da gangan aka so hakan: ɓera dabba ce mai zargi, idan abinci ya taɓa shi nan take ba zai sake kusantarsa ba. To a cikin waɗannan kwanakin yana komawa ya ƙara ci, sai ya tara a hantarsa fiye da abin da zai kashe shi ninki-ba-ninki. Sannan ya yi sanyi, ya fito fili da rana yana tangaɗi. Mujiya, shaho, kyanwar daji, dilan Amurka, kyanwar gida, kowa ya samu nama a ɓagas. Zaki kuma ya ci dilan.

Gubar kashi biyu ce. Ta farko, wato wafarin, difasinon da kulorofasinon, yawanci sai an ci ta kwanaki a jere. Wafarin ta fito kasuwa a matsayin maganin ɓera a 1948, amma a 1958 aka samu ɓerayen da ba ta kashe su a Sikotland. Wannan ne ya haifar da kashi na biyu daga shekarun 1970: burodifakum, buromadiyolon, difenakum, daga baya difetiyalon. Ci ɗaya ya isa. Burodifakum miligiram 50 ne kacal a cikin kilo ɗaya na abincin, amma idan ta shiga hanta sai ta haura kwana 100 rabinta bai fita ba. Mujiyar da ta ci ɓera mai guba a wannan watan tana ɗauke da ita lokacin da za ta ci na gaba.

A lura: abin da aka samu a jinin P-22 na kashi na farko ne.

1 ga Yuli 2014

Daga yau hukumar kula da magungunan ƙwari ta jihar, DPR, ta mayar da guba huɗun kashi na biyu kayan da sai mai lasisi zai saya ya yi amfani da su. Sun bar kantunan talakawa. Haka kuma ba a ajiye su a waje nesa da gini fiye da ƙafa 50, kimanin mita 15, sai in akwai wani abu a wurin da ke tara ɓeraye.

Tushen wannan yana can baya. Tun watan Mayu na 2008 hukumar kare muhalli ta tarayya, EPA, ta ce gubar da za a sayar wa mai gida kada ta zama ta kashi na biyu, kuma ta zo a cikin akwati rufaffe, ba tsaba a warwatse ba. Kamfanin da ke yin gubar ɓera mai suna d-CON ya yi shekaru yana ja da hukumar, sai a ƙarshen Mayun bana ya amince zai janye kayansa 12.

Giɓin da ke cikin matakin na yau a fili yake. Kamfanonin kashe ƙwari suna da lasisi, su ne kuma masu baƙaƙen akwatunan nan da ke jere a bayan gidajen abinci, manyan kantuna da rukunin gidaje. Akwatin yana hana yaro da kare taɓa gubar. Ba ya hana ɓera fita da ita a cikinsa, don ai an yi masa ƙofa biyu ne ya shiga ya fita. Ƙungiyar Raptors Are The Solution, wadda aka kafa a 2011 bayan an riƙa tsintar gawarwakin shaho a unguwannin Berkeley, ta daɗe tana nanata wannan: mutane da yawa sun ɗauka akwatin tarko ne, ɓera yana mutuwa a ciki. Ba haka ba ne.

31 ga Maris 2015

Yau ce ranar ƙarshe da kamfanin d-CON zai kai tsofaffin kayan nan ga masu kanti. Abin da ke cike gurbin a kantuna shi ne damuwar likitocin dabbobi yanzu, don da yawa burometalin ne, ita kuwa ba ta da makari. Saboda haka ga abin da ya kamata mai kare ko kyanwa ya sani, iri-iri.

Abu na farko, a ɗauki kwalin ko ledar gubar a tafi da ita asibiti. Launin abincin, kore ne ko shuɗi, ba ya nuna komai. Sunan sinadarin da ke jikin kwalin ne ke raba hanya.

Idan mai hana jini daskarewa ce, kuma ba a fi sa'o'i kaɗan da ci ba, likita zai sa dabbar ta yi amai, ya ba ta gawayin asibiti. Daga nan ko dai a fara bitamin K1 nan take, ko a auna saurin daskarewar jini bayan kwana biyu zuwa uku a gani. Awon K1 miligiram 2.5 zuwa 5 ne a kan kowane kilo na nauyin dabbar a rana, ta baki, tare da abinci mai maiƙo don ya fi shiga jiki. Ga kashi na biyu ana yin mako uku zuwa huɗu, a sake gwajin jini kwana biyu zuwa uku bayan ƙwaya ta ƙarshe. Kurakuran da aka fi yi guda uku ne. Mai dabba ya ga karensa garau washegari, ya ce ai bai ci da yawa ba, sai a rana ta huɗu dasashi ya yi fari fat, numfashi ya yi nauyi saboda jini ya taru a ƙirji. Ko kuma a yanke maganin bayan mako guda don an ga sauƙi, alhali gubar tana nan a hanta. Ko a sayo bitamin K3, wanda ba ya wannan aikin. Dabbar da jini ya riga ya ɓalle mata kuwa K1 kaɗai ba zai cece ta ba, don hanta tana buƙatar sa'o'i shida zuwa goma sha biyu kafin ta haɗa sababbin sinadarai. Sai an yi mata ƙarin jini ko ruwan jini.

Burometalin ƙwaƙwalwa take kumburawa. Alamominta rawar jiki, shanyewar ƙafafun baya, farfaɗiya. Kyanwa ta fi kare saurin faɗuwa. Abin yi kawai shi ne a fitar da ita daga ciki da wuri, a maimaita gawayi. Kolekalsiferol, wato bitamin D3 mai yawan gaske, tana cika jini da sinadarin kalsiyam har ƙoda ta mutu, jinyarta kuma doguwa ce mai tsada. Zinki fosfaid tana haɗuwa da ruwan ciki ta zama iskar fosfin, saboda haka aman dabbar ma guba ne ga wanda ya tsuguna a kai. A waje za a yi, inda iska ke kaɗawa.

Ƙarshen 2015

Binciken da aka fitar bana kan kyanwar daji mai guntuwar jela a kewayen Los Anjeles ya nuna guba a kusan tara cikin goma na hantocin da aka auna. Tun 2002 ƙazuwa ta fara karkashe waɗannan kyanwoyi a tsaunukan Santa Monika, kuma waɗanda ta kashe galibi akwai guba a hantarsu. Ba lallai ne dabba ta zubar da jini ta mutu ba kafin a ce gubar ta cuce ta.

Darasi ga masu tattara samfuri: jini yana nuna abin da aka ci kwanan nan, hanta tana nuna abin da ya taru. Difasinon ta fi bayyana a jini, burodifakum ta fi zama a hanta. Wanda ya auna hanta kaɗai zai raina kashi na farko. Gawar da aka tsinta a sa safar hannu a ɗauke ta, a ninka leda biyu, a rubuta wuri da rana, a sanyaya, a kira hukumar namun daji ta jiha. Gawar da ta kwana biyu a rana ba a iya gane zubar jini a cikinta, ko da za a samu gubar.

An sake kama P-22 a Disamba. Ƙazuwar ta warke, ya murmure.

Ƙarshen 2017

Hukumar da ke kula da ganuwar hana ambaliya a gundumar Ventura ta kammala wani gwaji mai amfani. Kurege da ɓeran ƙasa suna haƙa ramuka a jikin ganuwar, ramin kuma shi ne hanyar da ruwa zai bi ya karya ta, don haka shekara da shekaru guba ake zubawa. A wani sashe aka cire gubar, aka kafa dogayen sanduna da shaho zai sauka a kai, da akwatunan mujiya. A wani sashen aka ci gaba da guba. Ɓarnar ramuka a sashen tsuntsayen ta yi ƙasa da kusan rabi.

Wannan hujja ce da injiniya zai saurara, ba mai son tsuntsu kaɗai ba. Amma kada a ɗora mata abin da ba za ta ɗauka ba. Fili ne buɗaɗɗe. Mujiya ba za ta shiga silin ɗin gidan abinci ta fito da ɓera ba.

Ga mai son kafa akwatin farar mujiya: a ɗora shi a kan sandar ƙarfe mai tsawon mita 3 zuwa 4, ƙofar kada ta wuce santimita 10 zuwa 12 don babbar mujiya mai kunne kada ta shiga ta cinye 'ya'yan, a juya ƙofar daga ranar yamma, a zuba ɓawon katako a ciki don ƙwai kada ya gangare, a huda ƙasa don ruwa ya fita. A nisanta shi da babban titi. Kuma kada a kafa shi a inda maƙwabta suke zuba guba, don an kira ta ne ta zo ta mutu. Mu da muka tashi ana jifan mujiya in ta sauka a kan katanga, ya kamata mu san 'yar'uwar wannan ce take kwana a tsofaffin gine-ginenmu, abincinta kuma ɓeran da ke cin hatsin rumbu ne.

Maris 2019

Abu biyu a wata ɗaya. DPR ta buɗe sake nazarin rajistar guba huɗun kashi na biyu, bayan bayanan da aka gabatar mata sun nuna cewa dokar 2014 ba ta rage yawan namun dajin da ake samu da gubar ba yadda aka yi fata. Sannan aka tsinci gawar P-47, matashin zaki ɗan shekara uku, a tsaunukan Santa Monika. Jini ya taru masa a ciki, hantarsa kuma ɗauke da guba iri shida.

Iri shida na nufin ba gida ɗaya ba ne, ba kamfani ɗaya ba. Unguwanni ne da yawa, kowa da abin da yake zubawa.

Ɗan majalisar jiha Richard Bloom ya gabatar da ƙudirin AB 1788, na hana amfani da gubar kashi na biyu. Masu adawa suna da abin faɗa na gaske: zazzaɓin taifus da ƙumar ɓera ke yaɗawa ya ɓulla a tsakiyar Los Anjeles tun bara, a farkon bana ma ɓeraye sun addabi ginin majalisar birnin kansa. Amsar masu ƙudirin ita ce, duk wannan ya faru ne alhali gubar tana hannun kamfanoni ba a hana su ba, shara ce ta taru. Ƙari a kan haka, ɓeran da guba ta kashe a cikin bango ƙumarsa sauka take ta nemi wani jikin.

Disamba 2019

AB 1788 bai fita daga majalisar dattawan jiha ba bana, an ɗage shi zuwa baɗi. A Malibu kuwa majalisar gari ta kaɗa ƙuri'ar hana magungunan ƙwari, har da gubar ɓera. Dokar jiha ta hana ƙananan hukumomi yin nasu dokokin magungunan ƙwari, shi ya sa garuruwa da dama iyakarsu su roƙi masu kanti su sauke kayan daga kanta. Malibu ta bi ta tsarin kare gaɓar teku, wanda ikonsa daga jiha yake fitowa, don haka sai hukumar gaɓar teku ta sa hannu. Ƙungiyar Poison Free Malibu ce ta yi shekaru tana bin kanti-kanti da rukunin shaguna kafin a kawo nan.

Tambayar da kowane mai shago yake yi ita ce, to in an ɗauke akwatin me za mu yi? Ga tsarin da ake bi, kuma jerin yana da muhimmanci.

A fara da abinci da ruwa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mazubin shara ya zama mai murfi da ke rufuwa ruf, a toshe ramin magudanar da ke ƙasansa, don ta nan ɓera ya fi shiga. Kada abincin kare ya kwana a waje. A tsince 'ya'yan itacen da suka faɗo, lemo da fiya musamman, a share tsabar da ke zuba ƙarƙashin mazubin abincin tsuntsaye. A gyara famfon da ke ɗiga. Muddin akwai abinci a banza, duk ɓeran da aka kashe wani zai maye gurbinsa cikin makonni, don macen ɓera cikinta mako uku ne, tana kuma haihuwa sau da yawa a shekara.

Sai maɓoya. Ɓeran da ya fi yawa a gaɓar Kalifoniya baƙin ɓeran rufi ne, mahayi. A sare rassan da suka kusanci rufi a bar aƙalla mita ɗaya, a rage ciyawa mai yaɗo da ke bin bango, a ɗaga tarin itace daga ƙasa a janye shi daga jikin gini.

Sai toshe ƙofofi, wanda shi ne ainihin aikin. Ƙaramin ɓera yana wucewa ta ramin milimita 6, faɗin fensir ke nan. Babba yana wucewa ta milimita 12 zuwa 13. A zagaya ginin da tocila: inda bututu da waya suka shiga bango, tagogin iska na ƙasa da na rufi, ƙarƙashin ƙofa, kusurwar ƙofar gareji, inda rufi ya haɗu da bango. Baƙin maiƙo a bakin rami alama ce ana bi. A rufe da ragar ƙarfe mai ido milimita 6 wadda ba ta tsatsa, a ɗaure da kusoshi masu murɗi, ko da falle na ƙarfe, ko siminti. Ragar kaji ba ta yi, idonta ya yi faɗi. Kumfar toshe rami ita kaɗai ba ta yi, dare ɗaya zai gwaguye ta. Idan ana shakkar rami yana aiki, a cusa takarda a duba bayan kwana biyu.

Kuskuren da ya fi yawa: a toshe ko'ina alhali ɓerayen suna ciki. Sai su mutu a bango gida ya ɗauki wari, ko su gwaguyi waya da bututu suna neman mafita. A bar babbar ƙofarsu ɗaya a buɗe har sai tarko ya daina kamawa, sannan a rufe.

Tarkon ƙarfe mai sifirin shi ne abin dogara. A ɗana da yawa lokaci ɗaya, goma sun fi biyu nesa ba kusa ba, don daren farko ne ake kamu mafi yawa. Kafin nan a ajiye su da abinci ba a ɗana ba na kwana biyu ko uku, har ɓera ya saba. Abincin kamar ƙwayar wake na markaɗaɗɗiyar gyaɗa ya isa, in ya yi yawa sai ya lashe gefe ya tafi. A sa tarkon a gicciye, bakinsa yana kallon bango, don ɓera jikin bango yake bi. Ga ɓeran rufi a ɗaure tarkon a kan katakon silin. Na waje kuwa dole ya kasance cikin akwati mai ƙaramar ƙofa, in ba haka ba tsuntsu da ƙafar kare zai kama. Tarkon gam a bar shi: yana kama ƙadangare, maciji da tsuntsu, ɓeran kuma yana kwana yana fitsari da kashi a kai.

1 ga Janairu 2021

Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a kan AB 1788 ranar 29 ga Satumba 2020, yau ta fara aiki. An dakatar da amfani da guba huɗun kashi na biyu a faɗin jihar, har ga masu lasisi, sai DPR ta gama nazarinta ta kafa matakan kare namun daji.

An ware wasu wurare: ayyukan noma, rumbunan ajiyar abinci, mayanka, masana'antu, wuraren sarrafa giya, kayan samar da ruwan sha, kawar da ɓeraye daga tsibirai, da hukumomin lafiya idan an tabbatar da barazana ga jama'a. Na lafiya ba abin musu ba ne. A 2012 cutar huhu mai suna hantabairos da ɓeran daji ke ɗauka ta kama mutum 10 da suka ziyarci gandun Yosemite, 3 suka rasu. Sai dai a can ma gyaran da aka yi na gini ne, don ɓerayen a cikin bangon tantunan kwana suka yi sheƙa.

Ƙa'idar share kashin ɓera: kada a share da tsintsiya a bushe, ƙurar ce ke shiga huhu. A buɗe ɗakin ya sha iska minti 30, a sa safar hannu, a jiƙa da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, a bari minti biyar, a kwashe da takarda. Mai karatu daga ƙasar da zazzaɓin Lassa yake, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, wannan ƙa'idar tasa ce shi ma.

Ƙari, Mayu 2021: hukumar gaɓar teku ta amince da dokar Malibu.

17 ga Disamba 2022

Likitoci sun kawo ƙarshen rayuwar P-22 saboda raunukan da mota ta ji masa da ciwon ƙoda da ya daɗe. Ba guba ce ta kashe shi ba, kuma bai kamata masu fafutuka su ce ita ce ba. A watan Yunin bana mota ta kashe P-54, macen zaki mai cikin 'ya'ya huɗu. An samu guba a jikinta da jikin dukkan 'ya'yan da ba a haifa ba.

Abin da aka yi tsoro ya faru: an hana kashi na biyu, akwatunan nan kuwa ba su bar bayan shaguna ba, difasinon aka zuba musu. An gudu ba a tsira ba. A banan ne kuma kotun ɗaukaka ƙara ta jiha ta ba Raptors Are The Solution gaskiya cewa DPR ba ta duba tasirin difasinon yadda ya kamata ba, musamman idan ta haɗu da sauran guba a jikin dabba ɗaya.

1 ga Janairu 2024

AB 1322 ta 'yar majalisa Laura Friedman ta fara aiki. Difasinon ta shiga jerin gubar da aka dakatar, da irin waɗancan keɓe-keɓen.

1 ga Janairu 2025

AB 2552 ta fara aiki, an ƙara kulorofasinon da wafarin. Shekara goma da watanni bayan gwajin jinin P-22, gubar biyu da aka samu a jikinsa duka sun shiga doka. Yanzu babu wata guba mai hana jini daskarewa da mai gida ko kamfani zai zuba a unguwa bisa ƙa'ida.

Wanda yake da ragowar tsohuwar guba a gida kada ya jefa ta a shara ko masai, ya kai wurin karɓar shara mai haɗari na gundumarsa. Wanda yake da kwantiragi da kamfanin kashe ƙwari ya nemi a rubuta masa sunan sinadarin da ke cikin kowane akwati, ya kuma nemi a mayar da kwantiragin na toshe ramuka da ɗana tarko. Kamfanin da ake biya wata-wata don cika akwati ba shi ne zai fara kawo wannan shawarar ba.

Ƙarshen Yuli 2025

Hukumar kifi da namun daji ta jiha ta gargaɗi mafarauta bayan an feɗe aladun daji a gundumar Monterey aka tarar kitsensu da namansu shuɗi shar. Difasinon ce, wadda ake rina abincinta da shuɗi, aladun kuma sun ci ta ne daga akwatunan da aka ajiye wa kurege a gonaki. Hukumar ta ce rashin ganin launin ba ya nufin naman lafiya yake. Girki ma ba ya kawar da gubar yadda za a dogara da shi.

Wannan ta ƙofar noma ya fito, wadda dokokin uku duka suka bari a buɗe. Aikin da ke gaba ke nan: akwatunan gona da alade ba zai iya fasawa ba, kwashe gawarwakin kurege kullum a lokacin da aka zuba guba, da faɗaɗa gwajin Ventura zuwa gonaki. A gonakin inabi na Napa masu bincike sun ƙiyasta cewa iyalin farar mujiya ɗaya suna cin ɓeraye kimanin 3,400 a shekara. Sauran abubuwan da ake bibiya su ne gubar da ake saye ta intanet daga wasu jihohi, da gonakin tabar wiwi na ɓoye a dazukan arewacin jihar, inda tun 2012 aka gano guba a jikin yawancin wasu dabbobin daji masu kama da tunku da aka auna, da kuma burometalin, wadda dole ɗakunan gwaji su riƙa nemanta a kitse da ƙwaƙwalwa, don gwajin hanta na guba mai hana jini daskarewa ba ya nuna ta.